Asabar, ranar da injin yankan ciyawa ya ƙi tashi

Yau tun bayan asuba na nufi makaranta, don ruwan da aka kwana biyu ana yi a Birnin Kebbi ya ɗauke kuma filin ƙwallo ya ɗan sha iska. Ciyawa ta kai min gwiwa wallahi, ta wajen katanga ma ta fi haka. Ranar Laraba maigadi ya kashe kububuwa a bayan ajin 'yan firamare, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, ga hutu ya kusa ƙarewa yara za su dawo su dinga gudu a ciki wasu ko takalmi babu.

Injin namu irin mai kujera da sitiyari ne, wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, na hannu ne aka sayo daga Legas, injin cikinsa Briggs & Stratton na Amurka. Tun ƙarshen daminar bara yake ajiye a sito an rufe shi da tamfol. Na turo shi waje, na hau, na taka birki, na murɗa makulli, shiru. Ko ƙas bai ce ba. Irin waɗannan injinan ba sa yarda su tashi sai an taka birki sosai kuma hannun da ke kunna wuƙa yana a kashe, a ƙarƙashin kujera ma akwai wani ɗan makunni da ke kashe shi in mutum ya sauka wuƙa na juyawa. Da na duba sai na ga hannun wuƙar a ɗage, ƙila lokacin da ake tura shi cikin sito wani ya taɓa. Na mayar, na sake murɗawa, sai ya fara ƙas ƙas ƙas, to aƙalla ya yi magana.

Na ɗaga kujera na leƙa batir, kawunansa duk farin gari ya cinye su kamar an barbaɗa gishiri. Daga nan na kira mai gyaran janaretanmu da ke Badariya, dattijo ne, Baba muke ce masa. Ya zo a kan mashin da ɗan mitarsa a aljihu. Ya ɗora, mita ta nuna 11.4, ya ce cikakken batir 12.6 yake nunawa, wannan yunwa ce ta kama shi ba mutuwa ya yi ba. Ya sa na kawo ruwan zafi da kanwa, ya fara kwance wayar baƙi tukun sannan ja, muka wanke kawunan suna ta kumfa, ya goge da sanfefa har suka yi ƙyalli. Muka jona da batirin motar makaranta, motar a kashe.

Kik ya ɗauka, inji na juyawa gwanin daɗi, amma ya ƙi kamawa. Mun yi ta yi har Baba ya ce in bari haka nan kar kik ya yi zafi ya ƙone.

A nan ne direban makaranta ya matso ya ce ai injin ya noke, a kwance shi kawai a kai gareji. Gaskiya raina ya ɓaci, don na san in aka kwance shi aka zuba a buhu to sai wata daminar, kuma kuɗin da za a ce mai makaranta ba zai fitar yanzu ba. Baba bai ko ɗaga kai ba, ya ce "injin da ya noke ba ya juyawa haka, ɗana miƙo min sufanar fulogi." Ya cire fulogi ya nuna min, a bushe ƙayau, babu ko danshin mai. Ya maida masa hularsa ya jingina shi jikin ƙarfe, na murɗa makulli, wuta shuɗiya ta dinga tsalle a bakinsa tas tas. Ya ce "wuta akwai, mai na ba ya zuwa." Ya ɗiga fetur kaɗan a ramin fulogi ya ɗaure, inji ya tashi da ƙara kamar daƙiƙa uku ya mutu.

Sai kafireta, wato inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga cikin inji. Da ya kwance ɗan kofin da ke ƙasanta ya miƙo min, abin da ke ciki ba ka ce fetur ba ne, ya yi ja ya yi kauri kamar ruwan maɗi, warinsa kamar tsohon fenti, ga ɗigon ruwa guda biyu suna yawo a ƙasa. Man bara ne da na bari a tanki, wata kusan goma yana zaune cikin zafin nan namu na bazara, mai sauƙin ya tashi ya bar danƙo. Na ji nauyin abin sosai don ni na ajiye shi haka. Ƙofar jet ɗin da mai ke bi ƙanƙanuwa ce kamar kafar allura, ta toshe gam. Baba ya zare silin waya guda ɗaya daga tsohuwar wayar wuta ya dinga sokawa a hankali yana hurawa yana ɗagawa sama, sai da ya hango haske ta ciki sannan ya yarda. Ya ce kar in taɓa sa ƙusa ko allura, in ramin ya faɗaɗa injin zai dinga shan mai yana baƙin hayaƙi.

Muka juye tanki kaf, muka canja ɗan filtan mai, a gidan filtan iska kuma muka tarar da gidan zanzaro har biyu manne da laka. Na aiki yaro ya sayo lita huɗu. Kafin in sa hannu ƙarƙashi in duba wuƙa Baba ya zare hular fulogi da kansa, ya ce ya san wanda ya rasa yatsu a irin haka.

Ana kiran azahar ya tashi, murɗawa biyu. Hayaƙi ya ɗan yi sannan murya ta daidaita. Na ɗaga wuƙa can sama don ciyawar ta yi tsawo, na yi rabin fili kafin la'asar, yaran unguwa suna biye da ni daga nesa da buhuna suna kwasar wa tumakinsu, sai kora su nake baya saboda tsakuwa. Hadari ya haɗo ta gabas na maida shi sito. Batirin yana wajen Baba zai kwana a caji, gobe in Allah ya kai mu sai ɓangaren katanga.