Daga New York zuwa Santorini: guntun zangon ƙarshe ne ke da magana

Tsakanin New York da tsibirin Santorini na ƙasar Girka akwai kilomita 8,000 da 'yan kai, amma babu jirgin fasinja da ke haɗa su kai tsaye. Dole a yada zango. Ni ta Atina na bi, babban birnin Girka.

Mun tashi daga filin jirgin JFK bayan la'asar. A ɗan allon da ke bayan kujera na ga jirgin ya nufi arewa maso gabas, ta gefen Kanada, ya tsallaka tekun Atlantika, sannan ya gangaro ta Turai. Kai ka ce direban ya yi kwana, alhali ita ce hanya mafi kusa, tunda duniya a dunƙule take. Zuwa bai kai awa 10 ba. Dawowa kuwa sai da ya ƙara kusan awa guda, domin iskar can sama daga yamma take kaɗawa: tana tura mai zuwa gabas, tana tare mai komawa yamma.

Agogon Girka yana gaban na New York da awa 7. Ga gari ya waye sarai a Atina, ga idona na neman barci.

Abin da ya rage bai wuce kilomita 220 ba, tafiyar kamar minti 45. Sai dai wannan guntun zangon ya fi cin tunani. A Atina ake duba fasfo, kuma mai fasfon Najeriya irina sai da bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai har da Girka, ko da yana da katin zama a Amurka. Layin shige da fice lokacin bazara ba a magana. Na bar tazarar sa'o'i tsakanin jiragen biyu, kuma na sayi tikitin a haɗe, yadda in na farkon ya makara, kamfanin ne zai nema min kujera a na gaba. Wani bawan Allah da muka sauka tare, wanda ya sayi nasa daban-daban don ya rage kuɗi, sai da ya sake biya.

Akwai kuma jirgin ruwa zuwa Santorini daga tashar Piraeus da ke kusa da Atina: babba yana cin kusan awa 8, mai gudu kuma kamar 5. A watannin Yuli da Agusta iskar arewa da suke kira meltemi kan tayar da teku har a dakatar da masu gudun. A dawowa na hau babban, ban kuwa yi da-na-sani ba, don ta ruwa ake ganin bakin dutsen da ya yi aman wuta kimanin shekara 3,600 da suka wuce, fararen gidajen garuruwan Fira da Oia na tsibirin a jere a kan gaɓarsa. Amma sai da na kwana a Atina kafin ranar tashi zuwa Amurka. Ba na yarda in haɗa jirgin ruwa da tikitin tsallake Atlantika a rana ɗaya.