PCV ya haura 50 a Jos: tudu ne ko JAK2?

A Jos, da zarar awon jini ya nuna PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini bisa ɗari, ya yi yawa, sai a ce ai garin a kan tudu yake. Akwai ƙamshin gaskiya, domin Jos na da tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma hakan kan ɗan ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Amma ɗan ƙari ne. PCV 58 ba aikin tudu ba ne, balle idan mutum na kukan ciwon kai, jiri, da ƙaiƙayi bayan wanka da ruwan ɗumi.

A nan ake tuhumar cutar polisaitimiya bera, wadda ke sa bargon ƙashi ƙera jini fiye da kima, da kuma JAK2, ɗaya daga cikin inzayim (furotin masu hanzarta ayyuka a jiki) huɗu 'yan gida ɗaya: JAK1, JAK2, JAK3 da TYK2. Aikinsu isar da saƙo daga bangon ƙwayar halitta zuwa cibiyarta. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, ƙoda kan saki sinadarin EPO, ya je bargo ya kama makarɓinsa. JAK2 biyu da ke maƙale da makarɓin daga ciki sai su matso kusa, su ciro sinadarin fosfet daga ATP, ma'ajiyar kuzarin ƙwayar halitta, su liƙa wa juna da makarɓin, daidai kan tayirosin, ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su. Furotin STAT5 ya zo ya zauna a gurbin, shi ma a liƙa masa, ya haɗu da ɗan'uwansa su shige cibiya da umarnin a ƙera jini.

Kowane JAK na da sashen da ke aiki, JH1, da mai taka masa birki, JH2. A 2005 aka gano sauyin V617F: a gurbi na 617 cikin JH2, tubalin furotin mai suna fenilalanin ya maye gurbin wani mai suna balin, birkin ya tsinke. Bargo ya yi ta ƙera jini ko babu EPO. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu cutar polisaitimiya bera suna ɗauke da shi. Ba gadonsa ake yi ba, a bargo yake tasowa.

Kafin a kashe kuɗi, a maimaita awon bayan mutum ya sha ruwa sosai, don ƙishin lokacin hunturu kaɗai kan ɗaga PCV. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa ita ce sama da 49 ga namiji, 48 ga mace. A tambayi batun sigari da shisha, ciwon huhu da na zuciya, domin su ma kan ɗaga PCV, a kuma laluba saifa. Sannan a ɗebi jini a kwalbar EDTA mai murfi ruwan hoda-shuɗi don gwajin PCR mai neman sauyin V617F, a auna EPO. A wannan cuta EPO ƙasa yake yi. Idan V617F bai fito ba, a nemi sauyi a ekson 12, wani sashe na ƙwayar gadon JAK2.

Magani na farko shi ne jan jini, wato zuƙe jini daga jijiya, wajen mililita 450 a zama ɗaya, har PCV ya sauka ƙasa da 45, tare da asfirin miligiram 75 kullum idan likita ya amince. Wanda ya haura shekara 60 ko ya taɓa samun gudan jini a jijiya akan ƙara masa haidroksiyuriya, wadda masu sikila suka sani.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne, jan jini na rage sinadarin ƙarfe, mutum ya ji kasala, ya nufi kyamis ya sayi maganin ƙarin jini. Bargon da ba shi da birki ya samu kayan aiki ke nan, PCV ya koma sama, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya dawo. Shi kuwa maganin ruksolitinib, mai toshe JAK1 da JAK2, yana raunana garkuwar jiki, don haka a ƙasar nan kada a fara shi sai an binciki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, kuma ba a yanke shi farat ɗaya.