Abin da takardun Maraɗi suka koya mini game da ƙarar jijiya

Ni ba likita ba ne. A Maraɗi na yi lakwal da Faransanci, kasuwancin mahaifina ya kawo mu Katsina, a nan na tsinci Ingilishi. Shi ya sa duk wanda ya biyo hanyar Ɗan Isa da Jibiya da marar lafiya, riƙe da takardun lokotoro a leda, sai a turo shi wurina in juya masa su yadda likitan Najeriya zai iya karantawa. Da taimako na fara, ga shi yau da shi nake cin abinci.

Sunayen magunguna ba su cika wahalar da ni ba. Awon hawan jini ma, tun da na gane cewa 16/9 na can shi ne 160/90 na nan, domin su da santimita suke lissafi mu da milimita, shi ke nan. Inda na sha ƙasa shi ne layi biyu ko ukun nan da likita ke rubutawa bayan ya ɗora abin sauraro a jikin mutum.

Kusan kowace takarda tana ɗauke da *bruits du cœur réguliers*. Na duba ƙamus na ga Ingilishi ma yana da kalmar *bruit*, harafi ɗaya bai bambanta ba, har an ce ta likitoci ce. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na riƙa kwafe ta yadda take. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni da takardar wata yarinya mai zazzaɓi ta ce, "Malam, ya aka yi duk mutanenka na Nijar suke zuwa da *bruit*? Annoba ce?" A Faransanci *bruit* ƙara ce kawai, ta mota, ta kasuwa, ta zuciya mai lafiya. Abin da lokotoron ke nufi shi ne bugun zuciya na tafiya daidai, wanda Ingilishi ke kira *heart sounds*, B1 da B2 nasu su ne S1 da S2 na nan. Amma a bakin likitan da ya yi karatu da Ingilishi, *bruit* ƙara ce da bai kamata a ji ba, huci ne a cikin jijiyar jini. Lafiyayyun zukata nake ta liƙa wa ciwo.

Asalin rikicin yana Faris. A 1816 René Laennec, likita a asibitin Necker, ya naɗe takarda kamar bututu ya saurari ƙirjin wata matashiya, daga nan abin sauraron ya samo asali. A littafinsa, wanda ya fara fitowa a 1819 ya kuma faɗaɗa a 1826, dole ya laƙaba wa abin da kunnensa ya ji suna, sai ya ɗauko daga kayan masu sana'a: ƙarar zarto, ƙarar magagari, da *bruit de soufflet*, wato hucin zugazugin maƙeri. John Forbes ya mayar da littafin Ingilishi a 1821. Ingilishi ya ari kalmar *bruit* ya ƙuntata ta, Faransanci kuwa ya tsaya a kan *souffle*. Kowa ya tafi da rabin jimlar.

To *souffle* ɗin nan ita ce ta fi ba ni kunya. A maganar yau da kullum numfashi ce, shi ya sa idan ka ba manhajar fassara ta waya *pas de souffle* tana iya ce maka mutum ba ya numfashi, alhali albishir ne, ba a ji wani huci ba. Ni na wuce wannan matakin, na haddace cewa *souffle* ita ce *murmur*, wato hucin da ake ji a zuciya, na kuma yarda da haddata fiye da kima.

Aka kawo wani dattijo mai hawan jini, wanda hannunsa na dama ya taɓa mutuwa na 'yan mintuna ya dawo. Rubutun lokotoronsa kamar tafiyar kaza. Na ga *souffle*, na ga wata gajeriyar kalma da ta fara da *car*, sai idona ya ƙarasa mini ita *cardiaque*, tunda a kaina *souffle* ta zuciya ce. Na rubuta *heart murmur*. Likitan, wani mai furfura da ba ya gaggawa, ya saurari ƙirjin baban nan ta kowane gefe, ya kwantar da shi ta hagu, ya zaunar da shi. Sannan ya ce in ba shi takardar asali. Ba ya jin Faransanci, amma ya sa yatsa a kan wani harafin G da ke ƙarshen layin.

"Wannan fa?"

"*Gauche* ne, ranka ya daɗe. Hagu."

Bai ce komai ba. Ya ɗora abin sauraron a gefen wuyan dattijon na hagu, ƙasa da muƙamuƙi, ya ce, "Baba, riƙe numfashinka kaɗan." Can ya cire ya saƙala mini a kunne. Na ji shi, fuu, fuu, fuu, yana bin bugun zuciya, sak zugazugi daga nesa. *Carotidien* aka rubuta, babbar jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa. Ya ce mini jini idan yana tafiya a buɗaɗɗiyar jijiya shiru yake, sai ta tsuke yake hargitsewa ya yi ƙara, kamar ka matse bakin tiyo da yatsa. Jijiyar hagu ce ke ciyar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke juya hannun dama. Da an bi takardata, hoton zuciya za a tura shi ya biya, a bar wuyan da ke barazanar shanye masa ɓarin jiki.

Tun ranar, in na ga *souffle* ba na taɓa alƙalami sai na gano inda aka ɗora abin sauraron. A kan zuciya *murmur* ce. A wuya, ko a ciki gefen cibiya inda jijiyar ƙoda ke wucewa, ko a matsematsi, *bruit* ce. A cikin mai juna biyu kuwa, hucin jinin mahaifa, Ingilishi ya bar kalmar yadda take, *uterine souffle*. Ita kuma *murmure* ta Faransanci, mai kama da *murmur* kamar an tsaga kara, a huhu take zaune: *murmure vésiculaire* sautin iska ne a lafiyayyen huhu. Ƙarar da ake saurara a hannu lokacin awon hawan jini, wadda Korotkoff na Rasha ya bayyana a 1905, *bruits* ce a can, *sounds* a nan.

Akwai waɗanda nake jin daɗinsu. *Bruit de diable* ba ruwansa da shaiɗan, sunan wani abin wasa ne da ake juyawa a kan zare yana ƙugi, kuma ƙugin jijiyar wuya mai mayar da jini zuciya ake nufi, wanda ake yawan ji a yara da masu ƙarancin jini. Ingilishi ya ce *venous hum*, ya zubar da wasan. *Frémissement cataire* kuma gurnanin mage ne, shi da tafin hannu ake jin sa, Ingilishi ya ce *thrill*. Wata mata mai wankin ƙoda ta taɓa kama hannuna ta ɗora a kan inda aka haɗa mata jijiyoyi biyu a damtse, ta ce, "Ji kyanwata." Kullum da safe takan duba ta, domin an gaya mata ranar da gurnanin ya tsaya ta garzayo asibiti.

Makon jiya wata takarda ta zo daga wani ƙaramin gidan likita a bayan Tasawa: *souffle systolique*, wato hucin da ake ji lokacin da zuciya ta matsa, ba wuri, ba gefe. Yawanci zuciya ake nufi da haka, amma mai takardar ɗan shekara saba'in ne mai ciwon sukari, ƙafarsa na yi masa ciwo in ya yi tafiya, ke nan yana iya zama a matsematsi aka ji hucin. Na kira lambar da ke jikin hatimin sau uku ba ta shiga. Sai na bar kalmar da Faransancinta, na rubuta a gefe cewa ba a faɗi inda aka ji ba, na ja layi biyu a ƙarƙashi.