Kumburin Idon 'Yar Hawainiyata a Tsakiyar Hunturu

A ƙarshen daminar da ta wuce na karɓi wata 'yar hawainiya daga hannun yaran unguwarmu, waɗanda suka kakkaɓo ta daga shingen lambu suna shirin jifan ta. Tsawonta a lokacin bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba idan aka cire wutsiya, kuma irin ta yankinmu na Sahel ce, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus. Na haɗa mata keji na raga, na sa rassa da tukunyar shuka mai ganye a ciki, na ajiye shi inda hantsi ke taɓawa. Wata uku muka yi lafiya lau, sai da hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, sannan wata safiya na tarar idonta na hagu ya kumbura, kuma a rufe yake alhali rana ta fito.

Idon hawainiya ba irin na sauran dabbobin gida ba ne, kuma wanda bai san ƙirarsa ba zai iya firgita a banza ko ya yi sakaci inda ya kamata ya tashi tsaye. Fatar idonta ta sama da ta ƙasa a haɗe suke, sun lulluɓe ƙwayar idon kamar ɗan ƙoƙo, sai wata 'yar ƙofa a tsakiya da take gani ta cikinta. Kowane ido yana juyawa shi kaɗai, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya, sai ta hango ƙwaro sannan ta tattara su biyun a kansa ta harba harshe. Tun da ba ta da halin ƙiftawa yadda muke yi, hanyarta ta wanke ido ita ce ta turo shi waje ya yi tsuru kamar zai faɗo, ta jujjuya shi a cikin fatar, wani lokaci ta goga shi a jikin reshe, sannan ta mayar da shi. Wannan kumburi na 'yan daƙiƙoƙi ne, yawanci lokacin da ruwa ke zuba a kanta, kuma ba ciwo ba ne. Wanda ke nuna ciwo shi ne kumburin da ya wuni bai saɓe ba, ko idon da ke rufe da rana, domin lafiyayyar hawainiya ba ta barcin rana.

Wani dattijo maƙwabcina da ya leƙo ya gani ya ce, "Ɗana, ai afolo ne ya kama ta, ka shafa mata ɗan kwalli ko ka ɗiga mata zuma." Na yi masa godiya domin da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ban yi ko ɗaya ba, kuma ina roƙon duk mai irin wannan dabba kada ya yi. Idon da girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, kuma a rufe cikin fata, duk abin da aka cusa masa can zai zauna. Haka nan ragowar maganin ɗigawa na mutane da ke ajiye a gida, domin wasunsu na ɗauke da sinadarin rage kumburi mai suna siteroyid, wanda ke ƙara lalata ido idan akwai ƙujewa a fuskar ƙwayarsa.

Abin da na yi a kwana biyun farko kaɗan ne. Na sayo ruwan gishirin nan na asibiti da ake ƙara wa marasa lafiya, mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, da sirinji wanda na cire wa allura, na riƙa ɗiga mata a bakin 'yar ƙofar idon safe da yamma ba tare da na matsa ko na yi ƙoƙarin buɗe shi ba. Na kuma tsawaita feshin ruwa mai ɗumi-ɗumi a kan ganyayen kejin zuwa minti biyar ko fiye, domin sai ruwa ya daɗe yana sauka kafin ta fara wanke idonta da kanta. A nan na gane kuskurena na farko. Hawainiya ba ta shan ruwa a kwano, ɗigon da ke bisa ganye take lasa, ni kuwa na ci gaba da yi mata ɗan feshin damina a lokacin da iskar hunturu ke busar da ganye kafin in juya baya. Farin ɓangaren kashinta ma ya riga ya koma ruwan ɗorawa, alamar ƙishirwa ke nan, ban lura ba.

A rana ta biyu wani ɗan ɓawon saɓa haɗe da ƙura ya fito a gefen idon, kumburin ya ragu, na ɗauka an gama. Kashegari sai na ga idon dama shi ma ya fara nauyi, ga kuma fara tana yawo a gabanta ba ta kula ta ba. Babbar hawainiya tana iya jure 'yan kwanaki ba ci, amma ƙarama ba ta da tanadi a jiki, kuma da ido take cin abinci, don haka ban ƙara kwana ba na kai ta wurin likitan dabbobi.

Likitan ya fara da auna nauyinta a kan ƙaramin sikeli mai lissafin giram, ya buɗe bakinta ya duba dasashi da ganɗa, saboda ciwon baki ko na hanci kan haura ya kumbura ido. Ya ɗiga wani rini mai haske a idon don ya ga ko akwai ƙujewa, ya kuma lallatsa gefensa a hankali yana neman ƙurji. Ya bayyana mini cewa mugunyar dabbobi masu jan ciki tana da kauri kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta, idan ta taru sai an yi ɗan aiki an kwashe ta. Allah ya taimake mu babu ƙurji. Daga nan ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai: "Malam, na ji abin da take ci, amma su ƙwarin me suke ci?"

Gaskiya ita ce tun da fara ta yi wuya na koma kiwon gyare da kyankyasai a bokiti, kuma dusa kaɗai nake zuba musu. Ƙwaron da ya rayu a kan dusa kusan fanko ne ta fuskar bitamin A, kuma ƙarancin wannan bitamin na daga cikin sanannun dalilan ciwon ido a hawainiyar da ke tsare. Idan ya yi ƙaranci, lallausar fatar da ta shimfiɗe cikin ido da 'yar hanyar hawaye sai ta yi kauri ta bushe, matattun ƙwayoyinta su taru su toshe hanya, ido ya kumbura, ƙwayoyin cuta kuma su sami wurin zama. Shi ya sa irin wannan yakan taɓa idanu biyu, yayin da ƙura ko rauni kan tsaya a ɗaya. A daji hawainiya tana cin ƙwari iri-iri da suka ƙoshi da ganye da fure, ni na taƙaita ta ga iri biyu masu cin abu ɗaya.

Ya ba ta bitamin A ta baki, ɗan mitsitsi daidai nauyinta, ya ja mini kunne sosai cewa kada in ƙara da kaina, domin wannan bitamin taruwa yake a hanta, yawansa guba ne, yana iya kumbura maƙogwaro ya saɓule fata. Ya haɗa mini da maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta na mako guda. Ya kuma tambaya ko ina kunna mata fitilar da ke maye gurbin hasken rana, irin wadda masu kiwon hawainiyar Yaman da ta Madagaska ke amfani da ita a Turai da Amurka, saboda idan ta yi ƙarfi ko ta yi kusa tana ƙona ido. Na ce rana ta gaske take sha ta cikin raga. Ya ce hakan ya fi, muddin ba ta bayan gilashi ba ne, domin gilashi na tare hasken da jikinta ke buƙata wajen gina ƙashi, kuma a bar mata inuwar da za ta koma.

Ɗiga maganin shi ne ya fi ba ni wuya, domin hawainiya ba ta son a riƙe ta, da zarar na kusanto sai ta yi duhu, ta hura jiki, ta buɗe baki tana huci. Na koyi in bar ta a kan reshenta, in jira ta juyo da idon sama, in saki ɗigo ɗaya in janye. Ƙwarin kuma na canza musu abinci zuwa karas da kabewa da ganyen zogale, sai sun kwana suna ci kafin in ba ta. Na daina karɓar farar da aka kamo daga gonar da aka yi wa feshi, na kuma rataya tsohon zane a gefen kejin da iska ke bugowa.

A rana ta tara na ga idanun biyu a buɗe suna juyawa kowanne da nasa aiki, sannan suka haɗu a kan wani gyare, harshe ya fita ya dawo da shi. Idon hagu har yanzu ya ɗan fi na dama tudu idan an duba da kyau, kuma likita ya ce in mayar da ita bayan wata guda. Niyyata idan ruwan farko ya sauka, ganye ya tofo, in kai ta can ƙarshen lambun inda yara ba sa zuwa in sake ta a kan shinge.