Na Amurka, na Turai ko na Japan: wane PlayStation za ka ɗauka?

Idan ka shiga shagon masu sayar da kayan gem a Birnin Kebbi, maganar farko da za ka ji ita ce "wannan na Turai ne, ya fi ƙarko". Ba gaskiya ba ne. Ko PS4 ce ko PS5, kowane samfuri cikinsa ɗaya ne ko ina aka sayar da shi, kuma faifan gem na kowace ƙasa yana tashi a kansu. Bambancin yana wasu wurare ne, kuma can ne kuɗin mutane ke ƙonewa.

Juya na'urar ka karanta lambar jikinta. PS4 tana farawa da CUH, PS5 da CFI. Cikin lambobi huɗun da ke biye, biyu na ƙarshe su ke nuna kasuwar da aka yi wa ita: 00 Japan, 15 Amurka, 16 Turai. Harafin da ke biye a PS5 shi ma magana ne: A mai cin faifai, B marar faifai. Wato CFI-1216A ta Turai ce mai faifai. Ga mai gidan gem da data ke yi wa tsada, B wahala ce, domin gem ɗaya na iya cinye gigabait 50 ko fiye.

Sai wuta. Tamu 230V ce, ta Amurka 120V, ta Japan 100V. PS4 da PS5 na Amurka da na Turai suna karɓar daga 100 zuwa 240V, don haka wayar kawai za ka canza. A yawancinsu irin wayar rediyo ce mai rami biyu. Waɗanda ke shigowa ta Kamba daga Nijar ko Kwatano sukan zo da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu, wanda ke rawa a soket ɗinmu yana tartsatsi, gara a sauya shi da mai ƙafa uku. Tsofaffin na'urori kuwa ba su da wannan sassaucin. PS2 mai kauri ta Amurka da akwatin wutar Xbox 360 mai rubutun 100-127V, ka cusa su kai tsaye a bango, ƙara ɗaya za ka ji sai warin ƙuna. Dole sai da taransifoma mai rage wuta. Sitabilaiza daban ce, ita hawa da saukar wuta take gyarawa, sai dai in tana da ramin 110V a bayanta.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne akawun, wato asusun da ake buɗewa a intanet don na'urar. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da PlayStation Network, tsarin intanet na Sony, ke bayarwa a zaɓa, shi ya sa kowa ke buɗe na Amurka ko na Ingila. Ƙasar da ka zaɓa ta zauna ke nan, ba a canza ta. Katin zuba kuɗi na PlayStation na dala ba ya shiga akawun Ingila, na fam ba ya shiga na Amurka. Ƙarin kayan wasa da ake saye a intanet kuma sai yankinsu ya dace da na faifan. Ka sayi faifan ƙwallo na Turai, ka zuba makin sayayya na cikin gem daga shagon intanet na Amurka, kuɗin ya fita amma makin ba zai bayyana ba. Gane faifan ba wuya: harafin E, T ko M cikin baƙi da fari na Amurka ne; lamba 3, 7, 12, 16 ko 18 na Turai; A, B, C, D ko Z na Japan. Ko ajiyar wasan da ka yi nisa a ciki ba lallai ta buɗe ba in ka sauya faifan da na wani yanki.

Fim ma yana da nasa ƙulli. Blu-ray na Amurka da Japan yanki A ne, na Turai da Afirka yanki B, kuma na'urar ba ta tsallake wannan.

Na Japan a da ƙaramar matsala ce kawai: a PS4 ɗinsu maɓallin O ne "eh", X kuma "koma baya", yaran gidan gem su yi ta rikicewa. Yanzu abin ya wuce haka. A 2025 kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar gem ɗinsa Switch 2 mai harshen Japan zalla a kan yen (kuɗin Japan) 49,980, mai harsuna da yawa kuma 69,980. Daga baya a shekarar Sony ma ta fitar da PS5 marar faifai mai rahusa wadda ba ta karɓar akawun sai na Japan. Arha ce za ta sa irinsu su iso kasuwanninmu, kuma babu mai gyara a Gusau ko Jega da zai mayar maka da su Turanci. Haka waɗanda aka yi wa kasuwar cikin ƙasar Sin, shagonsu na intanet a killace yake.

A ganina mai 16 ta fi dacewa da mu, ba don ƙarko ba, sai don an yi ta ne domin irin wutarmu. Ka haɗa ta da akawun Ingila da faifai masu lamba. In kuwa katin dala ya fi maka sauƙin samu, ɗauki mai 15 ka tsaya kan faifai masu harafi. Kafin ka biya, a kunna ta a gabanka, ka shiga saitin harshe ka ga Turanci na ciki, ka saka faifai ya yi minti ashirin yana aiki, kunnenka na kan fanka.