Bin diddigin aikin Farfesa Tomori, da sashen da aka yanke mini

Lokacin da aka ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, a ranar 25 ga Agusta 2020, wata mujalla ta nemi in rubuta tarihin aikin Farfesa Oyewale Tomori, masanin ƙwayoyin cutar bairos. Edita ya gindaya mini sharaɗi tun daga farko: in kawo yawan maƙalun da ya wallafa da yawan masanan da suka kafa hujja da su, domin a ganinsa da wannan ake auna malami.

Kashin bayan tarihin bai ba ni wahala ba. An haife shi a Ilesha a 1946, ya karanci likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Ibadan, inda ya yi nazari a kan bairos ɗin Orungo kuma daga baya ya shugabanci sashen nazarin bairos. Ya yi aiki a kan zazzaɓin Lassa da cutar shawara, yana kuma cikin waɗanda suka je garin Kikwit na ƙasar Zaire (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a yanzu) lokacin annobar Ebola ta 1995. Daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Redeemer's, ya kuma shugabanci Cibiyar Masana Kimiyya ta Nijeriya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne shekarun 1994 zuwa 2004, lokacin da yake babban masanin bairos na Hukumar Lafiya ta Duniya a shiyyar Afirka. A wannan tsakanin ne aka kafa gamayyar ɗakunan gwajin shan inna ta nahiyar a ƙarƙashin jagorancinsa, kuma babu wani ma'aunin maƙalu da zai nuna nauyin wannan aiki. Sai da na zauna da wani jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma kafin na gane girmansa. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, idan ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗaukar samfurin bayan gidansa sau biyu, da tazarar akalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a saka a akwatin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana uku. Idan ƙanƙarar ta narke a hanya, ƙwayar na iya mutuwa, sakamako ya fito babu cuta alhali kuwa akwai. Ta irin wannan tsari aka gano ɓullar cutar a Borno a 2016, kuma da bayanansa aka dogara wajen tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare.

Wannan sashe na fi wahala a kansa, shi ne kuma edita ya yanke baki ɗaya, wai bayanin bayan gida da ƙanƙara bai dace da tarihin babban farfesa ba. Aka buga rubutun da jerin muƙamai da lambobin yabo, ya fito kamar takardar neman aiki. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, musamman da yake masu karatunmu 'yan Arewa ne, waɗanda suka ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 da abin da ya biyo baya, kuma sun cancanci sanin yadda ake tabbatar da cutar.

Wanda duk zai rubuta tarihin masanin bairos a Afirka, ina ba shi shawara ya daidaita da editansa a kan ma'auni tun kafin ya fara, kuma a rubuce. Ya nemi rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya tare da maƙalun mujallu, domin yawancin irin wannan aiki a can yake, sau da yawa ba tare da sunan kowa ba. Ya tambayi su wane ne malamin ya horar, kuma wane ɗakin gwaji suke riƙe da shi yanzu. Sashen da aka yanke mini kuwa na faɗaɗa shi, na ba wani gidan rediyo, aka karanta shi a shirin lafiya ba tare da an cire maganar akwatin ƙanƙara ba.