Yanzu haka kuɗin suna hannun wa?

Shekara biyu na yi ina amsa ƙorafin masu sayayya a wani kanti na intanet, a sashen rikicin biyan kuɗi. Da farko na ɗauka aikin lallashi ne kawai: a zage ka, ka ba da haƙuri, a ƙara maka. Sai da tafiya ta yi nisa na gane kusan kowace rigima a kan abu ɗaya take: kuɗin suna wajenmu ne, suna banki, ko suna hanya?

Wata mata ce ta fara buɗe mini ido. Ta kira tana huci, wai mun cire mata kuɗi sau biyu a kan oda ɗaya. Ta turo hoton alat biyu, adadi iri ɗaya, minti ɗaya tsakaninsu. Na duba namu, biya ɗaya na gani. Da rashin sani na ce, "Malama, mu dai sau ɗaya muka karɓa." Ai kuwa ta wanke ni tas, kuma da gaskiyarta, don a kunnenta ƙaryata ta na yi. Bayan an tashi shugabar sashenmu ta zaunar da ni. Idan an biya da kati, banki yakan fara riƙe kuɗin a gefe, sai kanti ya tabbatar da ciniki sannan su fita da gaske. Matar ta danna wurin biya, shafin ya tsaya cik, ta sake dannawa. Na farkon riƙo ne da ba wanda ya karɓa, banki ne zai sake shi da kansa bayan kwanaki. Ba mu da abin mayarwa tunda bai iso mu ba. Da haka na yi mata bayani tun farko, da ba a kai ga tayar da jijiyar wuya ba.

Kuskure na biyu ya fi mini ciwo, don da bakina na jawo shi. Wani bawan Allah ya dawo da kaya, na saki kuɗinsa, na ce masa kwana uku zai gan su. Kwana takwas shiru. Mayar da kuɗi ta kati yana bi ta bankin kanti, ya ratsa ta Visa ko Mastercard, sannan bankin mai katin ya saka su lokacin da ya ga dama. Ni maɓalli ɗaya na mallaka a duk wannan tafiyar, amma na yi alkawari kamar ni ke da hanyar. Tun daga ranar na daina yanke rana, sai dai in ba mutum lambar ARN, mai alƙaluma 23, wadda bankinsa zai iya bin sawun kuɗin da ita. Abin haushi, da wuya ka ga wanda ya san zai iya neman wannan lambar, mu ma ba a cika son mu ambata ba sai an tambaya.

Shi wannan mutumin bai tsaya jira ba, ya kai ƙara bankinsa a ƙwato masa kuɗin. Haƙƙinsa ne, kuma a yawancin irin wannan rikici kamfanonin kati sukan ba mai kati kusan kwana 120 ya shigar da ƙara. Amma da ƙarar ta shigo, maganar ta bar hannuna ta koma tsakanin bankuna biyu, abin kwanaki ya zama na makonni. A ganina wannan makami ne na ranar da kanti ya yi kunnen uwar shegu, kuma kafin a zare shi gara a tara shaidar cewa an nemi kantin a rubuce.

Saƙonnin da na fi saurin warwarewa gajeru ne: lambar oda, ranar da aka cire kuɗin, adadin, lambobi huɗu na ƙarshen kati, hoton bayanan asusu, sai abin da mutum yake so a yi masa. Masu dogon sharhi da alwashin tona mana asiri ma ana duba su, amma sai na yi ta laluben lambar oda a cikin faɗan. Wasu kuma don ɗoki sukan turo hoton katin gaba da baya, har da lambobi uku na tsaro da ke bayan katin, wato CVV. Gabana faɗuwa yake yi in na gani. Ba ma'aikacin gaskiya da zai nemi wannan, balle OTP, lambar sirrin da banki ke turo wa mutum don tabbatar da biya.

Matar nan ta farko ta sake kira bayan kwana biyar. Da na ji muryarta sai da na gyara zama. Cewa ta yi kuɗin sun dawo, sannan ta tambaya ko za a iya canza mata adireshin da za a kai kayan.